Layin da Umma Ta Ƙara a Jadawalina

Kafin in fara ya kamata in faɗi cewa an ɗan kwana biyu da faruwar abin nan, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, in ban da jadawali guda ɗaya da zan yi maganarsa a gaba. Akwai wuraren da har yanzu nake ganinsu tar a idona. Akwai kuma waɗanda ban sani ba ko na gansu ne, ko labarinsu aka ba ni har na ɗauka na gani. Ranakun mako musamman sun cakuɗe mini. Inda nake shakka zan faɗa.

A shekarar da na gama digirina na uku a Kuala Lumpur, mahaifiyata ta zo bikin yaye mu. Lokacin ina zaune a Pantai Dalam, a hawa na bakwai, gida mai ɗaki biyu da muke haya da wani abokin karatu. Shi ya riga ya koma Najeriya, sai ɗakinsa ya zama na Umma. Kwana goma sha biyu za ta yi, idan ban yi kuskure ba.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan yake nufi, amma bari in yi bayani saboda wanda bai sani ba. A iya sanina Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta zama ta yi hira da ni, ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta kuma neman komai a wurina da bakinta. Kunyar ɗan fari ce, kuma ta riƙe ta fiye da yawancin sa'o'inta. A gida wannan bai taɓa damun kowa ba, saboda akwai ƙanwata, autarmu. Idan Umma tana son in san wani abu sai ta faɗa wa auta, auta ta faɗa mini, amsata ma ta nan take komawa. Mun daɗe a haka har na daina lura da cewa saƙon yana bin wata hanya kafin ya iso ni. Da tare za su zo, sai auta ta haihu ana saura 'yan makonni, aka haɗa Umma da matar wani ɗalibi da za ta zo wurin mijinta. Haka muka wayi gari mu biyu a gida ɗaya, babu mai kai saƙo.

Idan za ta yi mini magana, bango take kallo, ko tukunya. "An dawo?" "A ci abinci kafin ya huce." "Rigar da za a sa ranar taro, an goge ta kuwa?" Ni kuma in amsa ina kallon ƙasa. Ba zan ce zaman ya yi mana nauyi ba, mun saba. Sai dai akwai maganganun da wannan hanyar ba ta iya ɗauka, kuma ban san da haka ba sai daga baya.

Umma malamar firamare ce, ta fi shekara talatin tana koyarwa kafin ta yi ritaya. Har gobe akwai jan biro a jakarta. Ta taɓa zuwa aikin Hajji, don haka jirgin sama ba baƙonta ba ne, teku ma ta hango ta a Jidda ta tagar mota.

A rana ta uku, ina jin, na kai ta Titiwangsa ta ga tafkin da ke can, daga nan muka biya shagon wani Bakano da duk ɗalibanmu suka sani. Alhaji kowa yake kiransa, haka ni ma zan kira shi. Shagon a bene yake, a saman wani mamak, irin gidajen cin abincin nan na Indiyawa Musulmi, don haka kullum ƙamshin soyayyar albasa yana biyo matakala. Alhaji yana sayar da garin tuwo da kuka da daddawa da layin waya, yana yanka tikitin jirgi, yana nemo wa sabon zuwa ɗaki. Mun je ne in saya wa Umma layi, ita kuma ta ga ko kukarsa ta kai a kira ta kuka.

A bangon shagon akwai wani sabon hoton talla: ƙaramin jirgi mai fanka biyu, a ƙasansa wani tsibiri kore shar a tsakiyar ruwa. Umma ta tsaya a gaban hoton ta daɗe. Sannan ta juya wajen Alhaji.

"Alhaji, wannan mai fankar da gaske mutane yake ɗauka, ko na feshin gona ne?"

Alhaji ya yi dariya har da dafa tebur. "Hajiya, ki rufa masa asiri. Sabuwar hanya ce aka buɗe bana, daga ƙaramin filin jirgin Subang zuwa wani tsibiri can gabas. Da sai kin wuni a mota, sannan ki shiga kwalekwale hanjinki ya juye. Yanzu kafin shayi ya huce kin sauka."

"Wane shayin? Naku na nan da ake ɗaurawa a leda kamar kunun zaƙi?"

"Shi fa. Ai ya fi daɗewa da zafi."

"Kuma tsibiri ne na sosai? Babu gada?"

"Babu gada, babu komai, Hajiya. Ruwa ta ko'ina. Sai dai sun kusa rufewa. Da zarar iskar damina ta taso a can, jirgi ba ya zuwa, sai kuma baɗi."

"Allah Sarki," in ji Umma. Ta ɗauki kukarta, wadda ta ce ba laifi, muka sauko.

Daga ranar tambayoyi suka fara fitowa, ana yi wa bango su. Tana yanka alayyafo sai ta ce, "Shi ƙaramin ko yana yin sama sosai kamar wanda aka zo a ciki, oho." Tana ninke kaya: "Ita fankar, idan an zauna kusa da ita, ba ta tare wa mutum ido?" Wata rana bayan sallar asuba na ji ta ce, "Mutum nawa zai ɗauka ma, abu kamar motar haya."

A nan dole in faɗi wani abu game da kaina. Ni mutum ne mai yawan fargaba. Idan zan sayi butar dafa ruwa sai na karanta ra'ayin mutum ashirin a kanta. Jirgin sama kuwa, duk shigar da na yi masa sai da na yi wasiyya a zuciyata. Don haka da na ji tambayoyin Umma, abin da na ji a cikinsu tsoro ne, domin da ni ne na yi su, tsoro ne zai sa in yi su. Amma kuma na ga yadda ta tsaya a gaban hoton, kuma ba na son in zama ɗan da uwarsa ta zo ƙasar waje bai kai ta ko'ina ba sai kanti. Sai na aika wa Alhaji saƙo ina tambayar ko akwai sauran kujeru, ya ce akwai kaɗan, na ce zan yi nazari.

Nazarin da na iya shi ne jadawali. Na buɗe littafin da nake rubuta bayanan bincike, na ja layuka, na yi gida uku. Gida na farko babban jirgi, irin mai injin da ba a ganin fankarsa, wanda yake zuwa wani babban tsibiri a arewa da kowa yake zuwa. Gida na biyu ƙaramin mai fanka. Gida na uku na rubuta masa "kada a je". A gefe na jera abubuwan da zan gwada su da su: ƙara, girgiza, faɗin kujera, banɗaki, matakala saboda gwiwar Umma, nisan asibiti saboda hawan jininta, yawan kayan da ake yarda a shiga da su. Na kwana biyu ina karance-karance. Na koyi cewa babban yana haurawa can saman gajimare inda iska ta fi kwanciya, ƙaramin kuma ƙasa-ƙasa yake bi, shi ya sa ya fi jin iska. Na koyi cewa babban yana buƙatar dogon titi, shi ya sa ba ya iya sauka a ƙananan tsibirai. Har Jalan Semarak na je wurin wani abokina da yake karatun injiniyan jirage. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, duka biyun lafiyarsu lau. Tsallaka titin da ka yi ka shigo nan ya fi ba ni tsoro." Na rubuta wannan ma a jadawalin, amma da ƙananan baƙaƙe, a can gefe.

Gida na uku ne ya ci. Ba ya ƙara, ba ya girgiza, babu matakala, asibiti kusa. Yanzu da nake duba takardar ina ganin cewa duk tambayoyin da na jera, babu wadda zaman gida ba zai ci ba. A lokacin ban ga haka ba, ko kuma ban so in gani ba. Ban tabbata wanne ne ba.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai na ce bari in ji daga bakinta. Bayan sallar magariba, tana zaune a kan dadduma tana tsince shinkafa a faranti, na tsaya daga bakin ƙofa na ce, "Umma, tsibirin nan na hoton shagon Alhaji, kina so mu je?"

Ba ta ɗago ba. Hannunta dai ya tsaya kaɗan, wannan na tabbata na gani.

"Ni? Me zan je yi? Abin da aka zo yi taro ne. Kada a wahalar da kai."

Na ce to, na koma ɗaki.

Ba ina neman uzuri ba ne, amma shekara biyar na yi a hannun wata malama mai duba bincikena da ta sha faɗa mini cewa idan an tambaye ni abu in ce e ko a'a, in daina kewaye-kewaye. A ofisoshin jami'a ma haka ne, idan ma'aikaci ya ce boleh, wato zai yiwu, to zai yiwu, idan ya ce ba zai yiwu ba ka kama hanya. Na sha wahala kafin in koyi wannan, kuma da na koya sai na manta cewa akwai tambayar da idan ta fito daga bakina, Umma ba ta da amsar da za ta iya bayarwa sai a'a. Da safe na aika wa Alhaji cewa Hajiya ta ce ba ta so. Amsarsa kalma biyu ce: "To, Dakta."

Aka yi bikin yaye mu. Ba zan tsaya a kansa ba, duk wanda ya je ɗaya ya je duka. Abin da na riƙe shi ne da na fito daga zauren da doguwar rigar nan da hula, mutane suna rungume 'ya'yansu suna miƙa furanni, Umma ta dubi takalmina ta ce, "Allah ya sa albarka," ta gyara mayafinta. Na san nauyin wannan a wurinta, kuma ya ishe ni.

Washegari ina tattara takardun da zan zubar, na buɗe littafin nan don in yage jadawalin. A falo na bar shi duk kwanakin, a kan teburin cin abinci. Sai na ga jan rubutu a ƙasan shafin. An ja sabon layi a ƙarƙashin nawa na ƙarshe, miƙaƙƙe sambal, da alama da gefen wani abu aka ja shi. A gurbin tambaya an rubuta, da rubutun nan nata na allo mai tsayayyun baƙaƙe: "Wanne ake ganin ruwa a cikinsa?" A gidan babban jirgi an sa "ba a ga komai ba". A gidan ƙaramin an yi alamar daidai, irin wadda ake yi wa ɗalibin da ya ci. A gidan "kada a je" kuwa sifili ne, ƙato, kewayayye.

Ban san ranar da ta rubuta ba. Zai iya zama kafin in tambaye ta, zai iya zama bayan nan. Na fi zaton kafin, kuma idan haka ne, to ta riga ta ba ni amsa a rubuce, na zo na tsaya a kanta ina neman ta maimaita da baki.

Na fita baranda na kira auta. Na ji jaririyarta tana kuka a kusa. Na ba ta labari tun daga hoton.

"Tsaya, Yaya. Kai ka tambaye ta? Da bakinka?"

"To wa zai tambaye ta? Mu biyu ne a gidan."

"Innalillahi. Digiri har uku. Ba ka da lambata ne?"

Sannan ta faɗa mini abin da ban taɓa sani ba, ni da na girme ta da shekara goma sha ɗaya. Ta ce duk shekara Umma takan zana da'ira a allo, ta yi mata 'yan layuka masu lanƙwasa a kewaye, ta sa yara su maimaita cewa tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ta ko'ina. Wata shekara wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, Malama kin taɓa ganinsa? Umma ta ce a'a. Yarinyar ta ce, to ta yaya kika sani? Ajin ya yi dariya, Umma ma ta yi, amma abin bai bar ta ba. Auta ta ce ta ji labarin ya fi sau goma, na ƙarshe ana saura mako guda tafiyar, ranar da wani ya faɗa wa Umma cewa ƙasar da za ta je tana da tsibirai. Kuma ranar da aka saya mata layi ta yi wa auta ƙorafi a waya cewa a tsakiyar tsakiya aka zaunar da ita a babban jirgin, an rufe tagogi, an ƙetare teku da ita kamar buhun masara.

"Da ina nan da tun ranar farko ka sani," in ji auta. "Yanzu saura kwana nawa?"

Saura huɗu ta koma. Hanyar tsibirin kuma Alhaji ya ce an kusa rufe ta, kuma ni da kaina na ce masa ba ma so.

Ban tuna yadda na isa Titiwangsa ba, na dai san na shiga jirgin ƙasa, kuma a tsaye na yi tafiyar duk da akwai kujeru. Na tarar da Alhaji yana cin shinkafar da aka ƙunso masa daga mamak ɗin ƙasa. Ya dube ni, ya ci gaba da ci.

"Dakta. Wani a'a ɗin ka kawo mini?"

Na miƙa masa littafin. Ya goge hannu, ya karanta tun daga sama, yana gyaɗa kai kamar mai duba takardar asibiti. Da ya zo kan sifilin sai ya kwashe da dariya har ya ƙware, na miƙa masa ruwa.

"Hajiya ta kayar da kai, wallahi. Zauna. Makan tukuna, in ji 'yan ƙasar nan, a ci abinci. Sa hannu."

"Alhaji, kujerun..."

"Suna nan."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ce tun ranar da muka zo ya riƙe kujeru biyu, kuma kullum da safe sai ya sabunta riƙon, har bayan da na aiko masa da saƙon a'a. Ya ce ranar ce ta ƙarshe da za su bar shi ya riƙe, kuma jirgin jibi yana cikin na ƙarshe kafin a rufe.

"Minti nawa ta yi a tsaye tana kushe jirgin nan? Da ba ta so, ko kallonsa za ta yi? Ni ma ɗan fari ne, Dakta. Da ka ce wai ta ce ba ta so, na ce wannan yaron shi ya tambaya da kansa."

Ya nuna mini a kwamfuta inda ya zaɓa mata: bakin taga, can baya inda fanka ba ta tare ido kuma ƙara ta fi sauƙi, a ɓangaren da ya ce tsibirin yake fara bayyana. Abubuwan da na kwana biyu ina karantawa, shi ya san su, ya dai yi amfani da su ne wajen neman inda za ta fi gani.

Na ce to yanzu yaya zan faɗa mata.

"Kai kada ka sake buɗe baki. Bari mu fara yankawa, don kada in yi wa Hajiya ƙarya."

Aka yanka. Sannan ya kira layin da ya sayar mana, ya buɗe murya yadda zan ji, ya sa yatsa a leɓe yana yi mini alamar shiru.

"Hajiya, barka da rana, Alhaji ne mai kuka. An samu 'yar matsala. Tikitin mai feshin gonar nan, an riga an yanka guda biyu, kuma irin wanda ba a mayarwa ne. In ba a je ba ya tafi a banza."

Sannan muryar Umma: "To. Tunda an riga an yi ɓarnar, yaya za a yi? Allah ya shirya."

Da na koma gida na tarar da ƙaramar jakarta a bakin ƙofa, a ɗaure, saura kwana biyu tafiyar. Tana juya miya ta ce wa tukunya, "Takalmin roba ake sawa a can, ko?"

Ranar tafiyar, da safe muka tashi. Filin jirgin ƙarami ne, babu dogon layi. Sun auna jakunkunanmu, kuma idan ban haɗa da wata tafiyar ba, mu ma sun auna mu, domin ina tuna Umma a kan sikeli tana cewa ko a asibitin haihuwa ba a yi mata wannan tonon silili ba. Da ƙafa muka taka har gindin jirgin. Matakalar da na ba wa muguwar maki a jadawalina ba ta wuce taki biyar ba, ta haye ta kafin in gama miƙa hannu.

Fukafukin a saman jirgin yake, don haka babu abin da ya tare tagar. Da fankokin suka fara juyawa kujerata ta ɗauki rawa, ƙarar ta cika kunne, na riƙe hannun kujera na fara duk addu'ar da na iya. Ba zan ce jirgin ya yi wata girgiza ta a zo a gani ba. Sauran fasinjoji hira suke yi, wata mata a gabanmu har tana ɓare gyaɗa. Ni dai idona a rufe yake. Can na ji an ajiye wani abu a kan gwiwata. Kanumfari ne guda uku a cikin 'yar takarda.

"A tauna, yana hana jiri," in ji Umma, fuskarta tana jikin taga.

Na tauna. Na buɗe ido ɗaya, amma ita nake kallo, ban kalli waje ba. Goshinta a manne da gilashin kamar yarinya. Sannan na ga ta ɗaga ɗan yatsa ta ɗora a kan tagar, tana bi a hankali, tana zagayawa, har ta dawo inda ta fara.

"Ashe haka yake," ta ce. "Ashe ban yi wa yara ƙarya ba."

Jim kaɗan ta ƙara da cewa, "Sai dai ba kewayayye ba ne kamar faifai. Da na sani da na yi masa lungu-lungu."

Kwana ɗaya muka yi a can. Ta ɗanɗana ruwan ta tofar. Ta yi alwala da na famfo, ta yi sallar la'asar a ƙarƙashin wata bishiyar kwakwa, bayan ta sa na duba sama na tabbatar babu wadda za ta faɗo. Abin da ya fi damunta shi ne ganin sama bai ishe ta shaida ba. Da Turancinta na aji ta yi ciniki da wani mai kwalekwale, dattijo, cewa ya zaga da mu tsibirin gaba ɗaya, kada ya juyo ta inda ya bi. Na sa mata rigar ruwa, na sa tawa, na duba igiyoyin sau biyu. Muka bi gefen duwatsu da dazuzzuka da wasu 'yan rairayi da babu kowa, ƙasa tana hannunmu na dama ba ta taɓa komawa hagu ba, har dandamalin katakon da muka tashi daga kansa ya sake fitowa a gabanmu.

"An dawo inda aka tashi," in ji Umma. Ta gyaɗa kai sau ɗaya, kamar yadda take yi idan ta gama duba littafi za ta rufe.

Da za mu koma, na tsaya a tsakiyar jirgin ina jira ta shige bakin taga kamar jiya. Sai ta zauna a kujerar gefe, ta kawar da gwiwoyinta don a wuce.

"A shiga can. Jiya wani bai ga komai ba, ido a rufe. Kuma a ɗauki hotonsa daga sama, a wanke babba, za a kai makaranta."

Ban san ta lura ba, tunda ban ga ta juyo ko sau ɗaya ba. Na shiga na zauna. Tsoron bai tafi ba, kada in yi ƙarya, amma an ba ni aiki, kuma ba a ɗaukar hoto da ido a rufe. Na ga ruwan yana sauya launi daga bakin gaɓa zuwa zurfi, kore-kore, sannan shuɗi mai haske, sannan shuɗi mai duhu. Na ga farin kumfa ya yi wa tsibirin zobe. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi. Auta ta ce duk da haka an wanke shi, kuma yana rataye a ajin da Umma ta daɗe tana koyarwa. Ban je na gani da idona ba tukuna.

Umma ba ta ce mini komai game da tafiyar ba, ban kuma sa ran za ta ce ba. Bayan ta koma da kamar mako guda auta ta kira ni ta ce an ba ta saƙo.

"Ta ce a faɗa maka jadawalinka ya yi kyau, layukan sun miƙe. Sai dai nan gaba ka riƙa barin fili a ƙasa."

Ina yawan tunanin mutanen da suka sa wannan ya yiwu, kuma yawancinsu ban san su ba. Akwai wanda ya zauna a wani ofis ya ga ya dace a buɗe hanya zuwa wannan ɗan tsibiri a daidai shekarar da Umma za ta zo. Akwai direban jirgin, wanda bayan kansa kawai na hango. Akwai dattijon kwalekwale da bai tambayi dalilin da zai sa a zaga tsibiri ba tare da an tsaya ko'ina ba. Auta kuwa ta san matsayinta. Shi kuma Alhaji, na yi masa godiya a lokacin, amma godiyar mutumin da hankalinsa bai gama dawowa ba ce. Da ya ɗauki a'a ɗina yadda na ɗauki na Umma, da ta koma gida da zanen allonta kawai, kuma da ban taɓa sanin abin da na hana ta ba. Allah ya saka masa da alheri, ya ƙara wa shagonsa albarka.

Wannan shi ne yadda nake tuna abin, kuma na san akwai inda na karkace. Alhaji, idan wannan ya iso gare ka, ka faɗa mini ko kwana nawa ka yi kana sabunta riƙon kujerun, domin ina zargin ka rage don kada in ji kunya. Auta, ki duba maganar yarinyar nan ta aji, ko haka Umma take faɗarta. Matar da suka zo tare, ko wani da ya shiga wannan jirgin a ƙarshen wannan kakar ya ga wata dattijuwa mai shuɗin mayafi tana zane a jikin taga, ina roƙon a sanar da ni ko a dama muka zauna ko a hagu, da kuma ko da gaske an auna mu. Duk gyaran da ya zo zan sa shi. Na Umma kuwa, idan an kai mata ta karanta, a ba ta takardar da jan biro, a kuma aiko ta hannun auta. Na bar fili a ƙasa.